Kwabon 'yan kasuwa na zamanin yaƙi: ta inda zan ce ka fara

Wanda bai taɓa tsayawa bayan kanta ba, ba zai san ciwon kan rashin canji ba. A shagon kayan masarufi na kawuna nake aiki a nan Jidda, kuma kafin mutane su saba biya da kati da waya, ragowar halala, wato ƙananan kuɗin da ba su kai riyal ba, kullum sai ta haɗa mu da mai saye. Cingam muke miƙa masa, ko ƙaramar robar ruwa, ya karɓa yana harara. A can gida wajen Sinnar ta Sudan kuwa, mai shago kan yagi kwalin shayi ya rubuta ragowar kuɗinka ya sa hannu, gobe ka dawo da shi ka ɗauki sukari. Irin wannan alkawarin nake tarawa, sai dai nawa a jan ƙarfe 'yan kasuwar Amurka suka buga su, kuma sun haura shekara 160 a duniya.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a Afrilun 1861 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, maganar bauta ce tushensa. Da jama'a suka ga abin ba mai ƙarewa ba ne nan kusa, kowa ya shiga ɓoye tsabar kuɗi. A ƙarshen Disambar shekarar bankuna suka daina ba da zinariya a madadin takardar kuɗi. Zinariya ta ɓace, azurfa ta bi bayanta, zuwa 1862 har senti guda, wanda jan ƙarfe ne da ɗan nikel, ya zama sai an tona. Mutum na da takardar dala a aljihu amma ba zai iya sayen jarida ko burodi ba, don mai sayarwa ba shi da abin mayar masa. An gwada kan sarki na gidan waya a matsayin canji, zufa da ruwan sama suka riƙa manne su a aljihu.

Sai 'yan kasuwa suka nufi maƙera. A Sinsinati ta jihar Ohayo aka fara a ƙarshen 1862, New York ta ɗauka a 1863, daga nan abin ya bazu ɗaruruwan garuruwan Arewa. Mai shago zai ba da sunansa da adireshinsa da abin da yake sayarwa, a sassaƙa masa hatimin ƙarfe, a buga masa kwabbai daidai faɗin senti, milimita 19, amma sun fi shi sirantaka. Kuɗin bugun kowane ɗaya bai kai senti ba, shi kuwa a senti yake bayar da shi. Ga canji ya samu, ga talla tana yawo aljihu zuwa aljihu, ga 'yar riba a kai. An ƙiyasta cewa kafin gwamnati ta taka musu birki an buga kusan miliyan 25, iri daban-daban fiye da 7,000.

Wasu ba su da sunan kowa, sai tuta, ko hoton Washington, ko jirgin yaƙin ƙarfe Monitor, da kirarin cewa ƙasa ba za ta rabu ba. Waɗannan su ake kira na kishin ƙasa, kuma sabon shiga su yake fara kai wa hannu saboda kyau. Akwai mai ɗauke da umarnin da John Dix ya aika a 1861 yana sakataren baitulmali, cewa duk wanda ya yi yunƙurin sauke tuta a harbe shi nan take. A wani bugun maƙerin ya kuskure harafi guda a kalmar ƙarshe, masu tarawa har yau suna neman wannan ɗin musamman. Akwai kuma na fataken da ke bin sansanin soja suna sayar wa dakaru taba da abin kwaɗayi, su ma da nasu kwabban masu lambar runduna. Waɗannan tsada gare su, ka bar su sai ka yi ƙwari.

Ni dai shawarata ka fara da masu sunan shago. Kwabon da babu sunan kowa a kansa ba wanda ya ɗauki nauyinsa, ka gama kallonsa ka gama da shi. Mai suna kuwa mutum ne a tsaye a bayansa, da titi, da lambar gida, da sana'a: mai nama, mai magani, mai takalmi, mai gawayin kwal, likitan haƙori. Kana iya bin sawunsa a tsofaffin kundayen adireshin garin da aka ɗora a intanet, ka ga shekarar da ya buɗe da shekarar da sunansa ya daina fitowa. Kuma tambaya ɗaya ce ke bin kowane ɗayansu: da aka dawo masa da kwabonsa, ya biya?

Gustavus Lindenmueller shi ne ya fi kowa suna a wannan fage. Bajamushe ne mai mashaya a New York, a 1863 ya buga kwabbai da ake cewa sun kai miliyan guda, hotonsa da ƙaton gemu a gefe ɗaya, kofin giya a ɗayan, kuma sun ɗan fi senti girma. Suka cika gari har kamfanin motocin dogo da dawaki ke ja a titin Third Avenue ya riƙa karɓarsu kuɗin mota. Da suka taru masa jibgi, kamfanin ya kai wa mai gemu ya ce a musanya da kuɗin gwamnati. Ya yi dariya ya ce bai san zancen ba, kuma babu dokar da za ta tilasta shi. Ranar da nawa ya iso na ɗora wa kawu a tafin hannu bayan la'asar, na ba shi labarin. Ya juya shi gaba da baya, ya ga kofin, ya ɓata rai.

"To ya biya mutane haƙƙinsu?"

"Bai biya ba, Kawu."

"Kai ɗan nan, ashe macuci ka sayo da guminka, har da kuɗin jirgi."

Kawu ba shi da laifi. Amma irin abin da Lindenmueller ya yi na cikin dalilan da majalisar Amurka ta motsa. A ranar 22 ga Afrilun 1864 ta yi dokar da ta hana ɗaiɗaikun mutane buga kwabon senti ɗaya da biyu, ta kuma rage nauyin sentin gwamnati daga giram 4.67 zuwa 3.11, aka koma tagulla, wato gwamnati ta kwaikwayi 'yan kasuwar da take hanawa. Ranar 8 ga Yuni aka haramta bugun kuɗin kai baki ɗaya. Duk hidimar shekara biyu ta yi, ko ƙasa da haka, shi ya sa yawancin wanda za ka gani 1863 ne a jikinsa.

Kafin ka fitar da ko riyal ɗaya, ka koyi lambobin Fuld. Melvin Fuld da ɗansa George su ne suka jera kwabban nan suka ba kowane lamba, kuma da ita duk dillalan duniya suke magana. A masu sunan shago, haruffa biyun farko jiha ce, lambar da ke biye gari ne, sai harafin ɗan kasuwa. NY630 birnin New York ke nan, OH165 Sinsinati, na mai gemun nan NY630AQ. Sannan akwai ma'aunin ƙaranci daga R-1, wanda akwai fiye da 5,000 irinsa, zuwa R-10, wanda guda ɗaya tak aka sani. Tallar da ka ga an cika ta da "ba irinsa" amma babu lambar Fuld, wuce ta. Akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa da aka kafa a 1967, Civil War Token Society, tana fitar da mujalla, kuma ba sai kana Amurka za ka amfana da abin da suke wallafawa ba.

R-1 da R-2 su ne abincin mai farawa. Yawancin nawa ban biya riyal 100 a kan ɗaya ba, kuɗin aikowa ne ke neman fin kuɗin kaya. Saboda haka ba na sayen guda ɗaya. Sai na tara abin da nake so wajen dillali ɗaya a haɗo mini a ambulan guda mai lambar bibiya. Ka zaɓi hanya tun da wuri, in ba haka ba za ka tara tarkace. Wani gari ɗaya yake bi, wani maƙeri ɗaya. Ni masu sayar da kayan masarufi nake bi, abokan sana'ata, kuma Ohayo kaɗai ta isa ta cinye mini shekaru.

Kar ka sa rai da samunsu a nan. A shagunan tsofaffin kaya na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ko Suƙ al-Zal in ka leƙa Riyad, abin da ke cikin faranti shi ne girshin Turkawa, da kuɗin Sharif Husaini na Makka, da riyalin Mariya Tiriza mai shekarar 1780, wanda aka ci gaba da bugawa da wannan shekarar har zamaninmu, don haka kar wani ya ce maka ya shekara 240. Waɗanda aka daɓa wa hatimin Hijaz ko Najad kuwa jabunsu ya yi yawa, ni ba na taɓa su. Amma zuwa wuraren yana da amfani, nan ido yake koyon bambanta abin da aka buga da hatimi da abin da aka zuba a kwarmi. Na zubi harufansa a dakushe suke, fuskarsa da ƙananan ramuka, gefensa wani lokaci da layin haɗi. Gilashin ƙara girma mai ninki 10, da ɗan sikelin maƙeran zinariya, da mayen ƙarfe sun ishe ka. Jan ƙarfe da tagulla ba sa bin mayen ƙarfe.

Kada ka wanke. Kada ka goge da lemun tsami, ko toka, ko man goge tagulla da ake sa wa butar gahawa. Launin ƙasa-ƙasan nan da ya hau kansa shi ne rabin darajarsa, mai saye na ganin ƙyalli zai san an taɓa, farashi ya faɗi. Abokin gabanka a Jidda shi ne raɓa da gishirin teku. Ledar roba mai laushi da ake sayarwa da araha tana fitar da wani koren danƙo da ke cin jan ƙarfe. Kwalin nan mai tagar leda da ake dannewa ya fi ta. Ka zuba su a akwati mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka ajiye a ɗaki mai na'urar sanyaya, nesa da kicin. A jikin kwalin ka rubuta lambar Fuld, da inda ka saya, da nawa.

Na tambayi malamin masallacin unguwarmu kan sayen senti guda a riyal 70. Ya ce kuɗin da ya daina yawo, in ba zinariya ko azurfa ba ne, ya zama haja kamar kowace haja. In azurfa ce hukuncinta daban, sai ka tambayi naka malamin kafin ka yi oda.

Turai ma ta ga irin wannan a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Garuruwa da kamfanonin Jamus sun buga nasu a tutiya da baƙin ƙarfe, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Faransa a sanholo. Suna da arha, amma tutiya ba ta jure iskar Bahar Maliya, fari take yi tana marmashewa.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne na Sudan, ko da yake wannan masu mulki ne suka fitar. Da Mahadi ya yi wa Khartum ƙawanya, Janar Gordon, Baturen Ingila da ke riƙe da garin, ya rasa tsabar biyan soja, sai a Afrilun 1884 ya fitar da takardun girshi da alkawarin baitulmali zai biya bayan wata shida. Na farkon da hannunsa ya sa musu hannu, da suka yi yawa aka koma buga sa hannun. Garin ya faɗi ranar 26 ga Janairun 1885, Gordon ya mutu, yawancin masu riƙe da takardun ba su ga ko girshi ba. Bayan nan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ya buga riyalinsa a Umdurman da kalmar "maƙbul", wato karɓaɓɓe, a jiki, kuma in ka jera su bisa shekara za ka ga azurfar tana raguwa har ta koma kusan jan ƙarfe zalla kafin yaƙin Karari na 1898. Sarki Ali Dinar ma ya buga nasa a Fashir kafin Turawa su ci Darfur a 1916.

Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 ba su tarar da mulkin Halifa ba, amma kuɗinsa bai gama ɓacewa daga hannun mutane ba lokacin da suka sauka bakin Shuɗin Nilu suka kafa Mai Wurno. Gwangwanin da tsohuwa ke ajiye allura da maɓalli wuri ne da ya kamata a duba, da izininta. A na kakata na sami milim na Masar da anini mai huji na ƙasar Hausa, wanda wani ya ɗauro a lalita tun daga can.

Daga kasuwa kuwa na daina sayen na Sudan tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023. An wawushe gidan tarihin ƙasa na Khartum, gidan Halifa na Umdurman ma bai tsira ba, kuma kwabo ƙaramin abu ne, a aljihu yake ƙetare iyaka. In dillali ya nuna mini maƙbul, tambayata ita ce a hannun wa yake kafin 2023, da wace shaida. Wanda ya nuno rasitin tsohon gwanjo muna iya yin ciniki, wanda ya ce wani ne ya kawo daga Bur Sudan a watan jiya sai in mayar masa da kayansa.