Bakin Malam da muryarsa

Asabar, bayan isha'i.

Yau ko karyawa ban gama ba Hajiya ta kira. Gaisuwar ma a tsaitsaye aka yi, ta ce, "Kai ɗan nan, me ka yi wa bidiyon walimar nan? Malam ya rufe baki, murya tana ta tafiya. Yara sai dariya suke yi." Na ce a yi haƙuri Hajiya, yanzu zan duba. A raina kuwa cewa nake wayarta ce.

Ashe laifina ne. Ranar walimar na ɗauki hoto da kyamara, sauti kuma da 'yar rakoda da na ajiye kusa da lasifika saboda hayaniya. Wajen tacewa, wani yaro mai rabon lemo ya gitta gaban kyamara, na yanke wurin, bai fi sakan biyu ba, na manta ban taɓa sautin ba. Daga nan har fatiha hoto yana gaba, murya tana binsa a baya. Gyaran minti biyar ya ci. Fitar da bidiyon ne ya kai ni azahar, don sau biyu ana ɗauke wuta.

Da la'asar Umma ta aike ni gidan Kawu da magani. Na same shi a zaure ya shimfiɗa tabarma, ya fito da garmahonsa yana goge shi da tsumma. Sau ɗaya ko biyu a shekara yake yin haka. Ya waina hannun, ya sa sabuwar allura daga wani ɗan gwangwani, ya ɗora faifai. Kafin waƙar ta fara sai an ji wannan shuuu ɗin, kamar ana soya wani abu a ɗaki na uku. Minti uku ta ƙare. Na ba shi labarin Hajiya, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ku da kwamfuta ma? To da a ce da wannan aka ba ka aikin fa?"

Wasa yake yi, amma na ce, "Kawu, ai an yi. Da irin faifan nan naku fim mai magana ya fara karɓuwa a Amurka." Ya ce in zauna.

Abin ya daɗe yana burge ni tun da na shiga wannan sana'a. Kamfanin Warner ne ya fito da shi, da na'urar da injiniyoyin Western Electric da Bell suka ƙera, aka sa mata suna Vitaphone. Ranar 6 ga Agusta 1926 aka haska Don Juan a New York. Babu magana a cikinsa, kiɗa ne da ƙarar takubba, duk daga faifai. A Oktoba 1927 sai The Jazz Singer, wanda ake ta cewa shi ne farko, alhali yawancinsa rubutu ne a allo, sai waƙoƙin Al Jolson da 'yar magana kaɗan.

Faifan nasu ya fi na Kawu girma nesa ba kusa ba, inci 16, kamar tiren shayi. Na Kawu yana juyi 78 a minti, nasu 33 da sulusi, don ya kai kusan minti 11, daidai da naɗin fim ɗaya mai ƙafa 1,000. Kuma daga tsakiya allura take farawa, ta yi waje. Da na faɗi haka Kawu ya dubi nasa faifan, ya ce, "Baibai ke nan."

Ni mai haska fim ɗin nake tausayi. Inji ɗaya ne yake juya majigi da faifan tare, saboda haka in an fara daidai za a ƙare daidai. Amma farawar a hannunsa take. A jikin fim akwai hoto ɗaya da aka yi wa alama, sai ya saita shi a bakin majigi. A jikin faifai akwai 'yar kibiya, sai ya ɗora allura a kanta cif, ba gaba ba baya. Sannan ya kunna. Kafin minti goma su cika ya shirya majigi na biyu da nasa faifan. In allura ta yi tsalle, ko ya ɗauko faifan naɗi na huɗu ya haɗa da na biyar, zai ji a bakin 'yan kallo. Ni Hajiya ɗaya ce ta kira ni, ita ma cikin mutunci.

Inda na fi daɗewa ina yi wa Kawu bayani shi ne tsinkewar fim, don shi ne ciwona na yau. A zamanin fim marar sauti, in fim ya tsinke, sai a yanke wurin da ya lalace a liƙa, ba wanda zai lura. Da faifai ya shigo sai wannan dabarar ta mutu, tunda faifai ba ya yankuwa. In hotuna goma suka lalace, dole a ƙirga goma na baƙin fim a cike gurbinsu. Allo ya yi duhu na ƙiftawar ido, murya tana tafiya, hoto ya dawo a kan daidai. Wato da a 1928 nake, yaron lemon nan ko dai in bar shi ya gitta, ko in sa duhu a madadinsa.

Faifan kuma ba ya jure aiki. Bayan haskawa kamar ashirin ya cinye, har akwai 'yan gidaje a takardar tsakiyarsa da ake sa alama duk lokacin da aka kunna. Ga fashewa a hanya. Shi ya sa da tsarin Fox da ire-irensa, masu ɗora sauti a gefen fim ɗin kansa, suka kankama, zuwa 1931 Warner ma ta bi sahu. Finafinai da dama na wancan lokaci hotonsu yana nan faifansu ya ɓata, wasu kuma faifan ne ya rage.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi garmaho a ba ni kyamara, shi ya san ba zai kuskure kibiya ba. Na ce Allah ya ba ku haƙuri. Ya sa na juya masa faifan, hannuna na rawa don kar in karce, ya ce allurar ma ban canza ba.

Na tura wa Hajiya sabon bidiyon da magariba. Ta turo saƙon murya: ya yi, amma me ya sa ba a ga ƙanwarta sosai ba? Wannan sai Litinin.