Mako Uku Ina Dukan Taiki, Jakin Yana Cikin Mota

Kwana ta uku a hanyar tserenmu ce ke kashe ni, wadda ke gindin darbejiya, inda yashi ya fi laushi. Da zarar 'yar motata mai rimot ta iso wurin da gudu na murɗa sitiyari har ƙarshe, sai ta mutu murus, kamar an ɗauke wuta. Kafin in gama salati ta farfaɗo, amma a lokacin na bayana sun wuce, wani ma ya bangaje ta ta kife. A Lahadin farko ta watan Disamba sau huɗu ta yi mini haka a tsere ɗaya.

Mu bakwai ne, wani lokaci takwas, muna haɗuwa bayan la'asar a wani fili da ke bayan Malali. Akwai malamin makaranta, akwai mai shagon waya, akwai ɗalibai biyu na Kaduna Polytechnic. Motocinmu ba irin waɗanda ake saya wa yara da Sallah ba ne. Tawa kashi ɗaya cikin goma ce na girman motar gaske, a gwanjo na same ta, batirinta lithiyom ne mai bolt 7.4. Da tsofaffin tayoyi muke shata hanya, zagaye goma ake yi, wanda ya zo na ƙarshe kuwa shi ke kwashe tayoyin ya jera su gindin katanga. Mako uku a jere ni nake kwasa, har ɗan yayata da ke raka ni ya fara zuwa da safar hannu.

Rimot na fara zargi, tunda shi ne a hannuna. Jama'a kuma kowa da fatawarsa. Wani ya ce ƙarfen sabis ɗin da ke tsallaken titi ne. Wani ya ce intanet ɗin gidajen da ke kusa ne, ai shi ma a kan gigahaz 2.4 yake kamar rimot ɗina. Malamin makaranta, mai rimot ƙirar Sanwa mai tsada, ya ce wataƙila nasa ne ke danne nawa, yana faɗa yana murmushin jin daɗi. Mai shagon waya ya ce a nemo mai ruƙiyya, an sa wa motar hannu.

Maganar danniya tana da asali. Tsofaffin rimot masu megahaz 27 da ɗan kiristal suke aiki, kowane kiristal da layinsa guda, har launi ake ba su don a bambance: ja, rawaya, kore, shuɗi da sauransu. Idan mutum biyu suka hau layi ɗaya, rimot ɗin wannan sai ya tuƙa motar wancan. Duk wanda ya taɓa ganin yara biyu suna kuka ranar Sallah saboda motocinsu sun haukace ya ga abin da idonsa. Amma tun tsakiyar shekarun 2000 da na gigahaz 2.4 suka shigo, zancen ya sauya. Irin nawa tsalle yake daga layi zuwa layi sau da yawa a daƙiƙa guda, risibar da ke karɓar umarninsa a cikin mota kuma ba ta sauraron kowa sai rimot ɗin da aka ɗaura ta da shi. Na san wannan a karance, amma wanda ya kwashi taya sau uku yana iya yarda da komai.

Batura na fara dubawa. Guda huɗu ne 'yan yatsa, masu arha da na saya a wajen wani mai tebur. A mita kowanne yana nuna bolt 1.5, amma da an kunna rimot sai su zube. Ɗaya ma ya yi yoyo, farin gari ya cinye wayar da ke danne shi. Na goge da sanfefa, na sa masu caji. Rimot ya daina kukan ƙarancin wuta. Na ce shi ke nan.

Ranar Lahadi ta sake mutuwa a gindin darbejiya.

Sai na lura da wani abu dabam. Ko ban taɓa sitiyari ba, tayoyin gaba suna ɗan karkarwa, motar kuma tana janyewa hagu, na saita ta koma dama. Wannan kam aikin hunturu ne. A bayan sitiyarin rimot, da bayan kunamar da ake ja don totur a tura don birki, akwai irin abin nan na ƙara murya a rediyo, wanda masu gyara ke ce wa bolum. Ƙurar Disamba a Kaduna, wadda ke shiga har cikin kwanon da aka rufe, ta shige shi. Na kwance rimot a kan tabarma, na jera sukurori a murfin kwalba, na fesa maganin wanke kayan lantarki ta 'yar kafar da ke jikin bolum ɗin, na yi ta murɗawa hagu da dama har sau talatin. Kada a yi gangancin fesa mai maiƙon nan na kwance noti, ƙura yake tarawa. Karkarwa ta tafi. Mutuwar kwana ta uku tana nan daram.

Na gaba kuwa laifina ne, ba na kowa ba. Wata rana motar ta kife ta goge bakin eriyar risiba, ya yi buzu-buzu. Ni da son tsabta na sa almakashi na datse shi. Ashe wannan siririn bakin mai walƙiya, mai tsawon kimanin santimita 3, shi ne eriyar gaba ɗaya, sauran doguwar wayar hanya ce kawai mai sulke. Ɗaya daga cikin ɗaliban ne ya gani ya kama kai.

"Yaya, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Na ce kifewa ce. Ya dubi yankan, ya ga a miƙe yake sumul, ya yi shiru don ladabi. A ƙasa ya yi mini lissafin da tsinke: tsawon zangon gigahaz 2.4 santimita 12.5 ne, rubu'insa milimita 31. Ya sa reza ya feƙe baƙar roba da sulken a hankali har milimita 31 na cikin ya fito, ya zura a bututun roba ya tsayar da shi sama, nesa da injin da batir da duk wani ƙarfe. Muka gwada nisa: ɗan yayata ya ɗaga motar, ni ina ja da baya ina murɗa sitiyari ina ƙirga taku. Kafin gyaran, ban kai taku arba'in ba take fara shiririta. Bayan gyaran har ƙarshen fili tana amsawa. A nan kuma ya hana ni wata ɗabi'a tawa ta nuna motar da tsinin eriyar rimot kamar mai harbi, domin ta tsinin ne sigina ya fi rauni, ƙarfinsa ta gefe yake fita.

Gyara uku ke nan, kowanne matsala ce ta gaske, amma babu wadda ita ce matsalar. Har na fara tambayar farashin sabon rimot, na ji kuɗin na yi tsaki.

Mai shagon waya ne ya ce kafin in zubar da kuɗi mu yi musaya. Nasa da nawa kamfani ɗaya ne, in ba haka ba ba zai yiwu ba, don rimot ɗin Futaba ba ya magana da risibar Sanwa, kowa da yarensa. Muka yi abin da muke kira ɗaurin aure: a cusa ɗan fulogin ɗauri a raminsa a jikin risiba, a ba ta wuta, fitilarta ta kama ƙiftawa da sauri, a danne maɓallin ɗauri na rimot a kunna shi, fitila ta tsaya cak, a kashe a zare fulogi. Muka ɗaura motata da rimot ɗinsa, motarsa da nawa. Motarsa ta yi zagaye goma da rimot ɗina ko tari ba ta yi ba. Tawa, da rimot ɗinsa lafiyayye, ta isa gindin darbejiya ta mutu.

Minti goma wannan gwajin ya ɗauka. Mako uku na bar jaki ina dukan taiki.

Ranar Talata na ɗauki motar a buhu na nufi Tudun Wada, wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a gefen Kasuwar Barci. Bai taɓa gyara irin wannan motar ba, bai kuma yi kamar ya taɓa ba. Ya juya ta, ya leƙa, ya sa na nuna masa mene ne mene ne: ga risiba, ga sarbo mai juya tayoyin gaba a rami na ɗaya, ga na'urar sarrafa gudu da muke kira ESC a rami na biyu.

"Wannan 'yar risibar, ina batirinta?"

"Ba ta da shi, Baba. Daga ESC take samun wuta, ita da sarbo."

Ya gyara tabarau ya karanta rubutun da ke jikin ESC: bolt 5, amfiya 1. Ya ɗago.

"Yaro, kafin ta fara wannan ciwon, me ka canza mata na ƙarshe?"

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna. A watan Nuwamba haƙoran tsohon sarbo, na roba, sun zube, na sa sabo mai haƙoran ƙarfe, wanda aka rubuta kilo 20 a jikinsa. Har alfahari na yi da shi a fili. Ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba, saboda sabon abu mai tsada ba ya shiga jerin waɗanda ake tuhuma.

Baba ya ajiye mitarsa mai lambobi, ya jawo wata tsohuwa mai allura, gilashinta a tsage, an ɗaure murfinta da roba. Ya ce lambobi tsalle suke yi, ido ba ya kama su, allura kuwa ana ganin faɗuwarta. Ya soka wayoyin a ramin risiba na uku da ba kowa, ja a tsakiya, baƙi a gefe. Allura ta tsaya kan 5. Ya riƙe tayoyin gaba da tafin hannunsa tamau, kamar yadda yashi ke riƙe su, ya ce in murɗa. Na murɗa. Allura ta rusuna ƙasa da 4, fitilar risiba ta mutu, ta dawo. Ga ciwon gindin darbejiya a kan teburin Baba, tsakanin tsohuwar rediyo da kofin shayi.

Bayaninsa da misalin gida ya yi shi: ka haɗa firiji da fitila a kan ƙaramin janareta, duk sanda firiji ya tashi fitila sai ta dushe. Irin wannan sarbon idan ya cije yakan ja fiye da amfiya 2, mai ba shi wuta kuwa 1 ce iyakarsa. Wuta ta faɗi, risiba ta mutu ta sake tashi, cikin wannan ɗan tsakanin ESC bai ji umarni ba sai ya tsayar da injin. Daga nesa kamar rimot ne ya yanke.

Sai ya kasa kunne. "Ka ji wannan gurnanin?" Ko da ya saki tayoyin, in na kai sitiyari ƙarshe sarbon yana ta kuka. Tayoyin sun kai iyakar juyawarsu, shi kuma yana ci gaba da turawa, yana shan wuta a banza. Wannan a rimot ake gyara shi, akwai saitin iyakar juyawa na hagu da na dama. Na yi ta ragewa daga 100 har gurnanin ya ɗauke, hagu a 82, dama a 85.

Daga nan ya tona wani kwali ya ciro allon tsohon talabijin, ya zare kafasita mai maikrofarad 3300, bolt 16, ya liƙa mata wayar tsohon sarbon da dalma. Ya nuna mini zanen da ke gefenta: wannan ƙafar ita ce ta baƙar waya, in ka juya ta fashewa za ta yi. Muka cusa a rami na uku. Aikinta kamar randa ne, tana tara wuta, ta bayar a lokacin da famfo ya yi rauni. Ya sake riƙe tayoyi. Allura ta ɗan sunkuya, fitila ba ta ƙifta ba. Amma ya gargaɗe ni cewa randa ba rijiya ba ce, in cijewar ta daɗe za ta ƙare. Maganin dindindin shi ne 'yar na'urar rage wuta ta daban, mai amfiya 3 ko fiye, wadda za ta ɗebo kai tsaye daga babban batir. In an sa ta, sai a zare jar wayar da ke fulogin ESC da allura a naɗe da salatif, kada wuta biyu su yi karo. Na ba da saƙonta ta hannun mai shagon waya.

Da na tambayi kuɗin aiki, ya ce in biya kuɗin dalma, sannan in bar shi ya tuƙa. Muka fita bayan shago. Ya ja kunama da ƙarfi irin na sabon hannu, motar ta zabura ta shige ƙarƙashin teburin mai lemo, yara suka ɗauki ihu. Nan ya tambaye ni, in rimot ya mutu tana cikin wannan gudun, wa zai tsayar da ita? Sai na tuna ban taɓa duba saitin ko-ta-kwana ba tun da na sayi risibar. A wurin muka yi shi: totur a tsakiya, na danne ɗan maɓallin risiba har fitila ta amsa. Muka ɗaga motar, na ba ta wuta, na kashe rimot, tayoyi suka tsaya. Dama ƙa'idar ita ce rimot ake fara kunnawa kafin mota, wajen kashewa kuma mota ce farko, ni kuwa sai yadda hannu ya kai.

Lahadin da ta biyo baya hazo ya yi yawa, da ƙyar ake hango ƙarshen fili. A zagayen farko da na doso darbejiya sai da na saki totur don tsoro, biyu suka wuce ni. A na biyu na shiga da gudu na murɗa har ƙarshe, ta watsa yashi ta fice. Na huɗu na zo cikin bakwai. Malamin makaranta, da Sanwarsa, tayarsa ta baya ta fita a zagaye na takwas. Ɗan yayata ya cire safar hannunsa ya miƙa masa da hannu biyu.

"Malam, ga shi, tayoyin akwai ƙaya a ciki."