Babur ba kujera, gwiwa ba ƙwari

Jiya na sake hawa babur ɗin tsallake duwatsu, shekara 20 rabona da shi. Wannan babur ba shi da wurin zama, a tsaye ake tuƙa shi, kuma ba gudu ake nema ba. A wasan, ka dire ƙafa sau ɗaya, tarar maki ɗaya a kanka. Ka faɗi, biyar.

Legas ba duwatsu, sai yashi da ruwa, shi ya sa muka jera tsofaffin tayoyin tirela da gungumen katako a wani fili bayan Ikorodu. Na rage iskar taya har tana lotsawa, na ɗora yatsa ɗaya kan kuloci yadda na saba. Hannu bai manta ba. Gwiwa ce ta ce ba da ita ba. Gungume na uku ya yi warwas da ni, wando ya yage.

Na koma Agege ina ɗingishi, uwargida ta kalle ni sama da ƙasa: "Alhaji, da furfurarka? Acaba ma an hana a Ikeja, kai kana sayen mai don ka faɗi?"

Na yi gum ina shafa man zafi. Asabar zan koma wa gungumen nan.