Na je bita don kada a ce ban je ba

Shekara 11 ina riƙe da alli, amma makon jiya sai da na koma kamar ɗan aji ɗaya. An tura mu bita ta kwana uku kan amfani da fasaha wajen koyarwa, na tafi ina gunaguni.

Rana ta biyu aka nuna mana Google Forms, wata manhajar shirya tambayoyi a intanet. Ka rubuta tambayoyi, ka nuna amsar da ke daidai, ka sa maki, shi ke nan. Yaro na gamawa sakamako ya fito, har ka ga tambayar da ta fi kayar da su. Ni da nake kai sha biyun dare da jan biro a hannu! Da na koma makaranta na gwada da tambaya goma, kusan duk ajin suka faɗi ta bakwai. Ashe ba laifinsu ba ne, bayanina ne bai fita ba.

Amma PhET, wani shafin yin gwaje-gwajen kimiyya a kwamfuta, shi ya fi tafiya da hankalina. Na Jami'ar Colorado ne a Amurka, kyauta, kuma ana iya sauke gwaje-gwajen a yi aiki da su ba intanet. Na haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta, yara suka yi mini caa. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, "Malam, a ƙara batir mu gani." Na ƙara, fitila ta ƙara haske, aji ya kaure da ihu.

'Yan uwa malamai, Google da Microsoft duk suna da darussan horar da malamai kyauta a intanet. Na fara ɗaya jiya da dare, barci ya sace ni a darasi na biyu. Yau zan ci gaba in Allah ya yarda.