Doguwar tafiyar jirgin sama da amosanin gaɓɓai

Masu fama da amosanin gaɓɓai ko kumburin hanji, in doguwar tafiya ta kama ku, magani a jakar hannu yake zama. Allura irin Humira sanyin digiri 2 zuwa 8 take so. A ɗakin kayan jirgi tana iya daskarewa, in kuwa ta daskare ta tashi aiki, ko da ta narke. Haka ma in ta jingina da ƙanƙara cikin kula tana iya daskarewa, don haka a naɗe ta da tawul. Tana jure ɗumin da bai wuce digiri 25 ba har kwana 14, bayan nan zubarwa ce.

Takardar likita da kwalin asali suna rage ja-in-ja wajen bincike a filin jirgi. Ku ƙara guzurin maganin mako guda saboda jinkiri, musamman prednisolone, maganin rage kumburi, don yanke shi kwatsam haɗari ne. Methotrexate kuwa, wani maganin amosanin gaɓɓai, sau ɗaya ne a mako, kada bambancin lokaci tsakanin ƙasashe ya sa a maimaita.

Zaman da ya wuce awa 4 kan ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, ga sandarewar gaɓɓai. Ku nemi kujerar bakin hanya, ku riƙa tashi kuna takawa.