Asabar: igiyar magini da hatimin Malam

Yau dai an kafa turakun sabon ɗaki, alhamdu lillahi. Shekara biyu ina tara bulo kaɗan-kaɗan a bayan gida. Magini ya iso ana idar da sallar asuba, yaronsa na biye da igiya da abin awo. Na tayar da ɗana na biyu, wanda ke aji biyu a ƙaramar sakandare, ya zo ya kama masu igiya. Shi ne makon jiya ya kawo mini sakamakon jarrabawa, lissafi ya ja shi ƙasa, ya ce mini wai shi kansa ba na lissafi ba ne. Tun ranar maganar ke ci mini rai.

Da aka zo fitar da kusurwa, magini ya buga turke, ya ja igiya biyu daga jikinsa, ɗaya gabas ɗaya kudu. Ya auna ƙafa 3 a ta farko ya sa alama, ya auna ƙafa 4 a ta biyu, sannan ya gwada tsakanin alamomin. Ya girgiza kai, ya ce wa yarona, "Ɗan samari, matsa da ita kaɗan. Ƙara. Tsaya nan." Sai da tsakanin ya zama ƙafa 5 cif ya bari aka buga turke na biyu. Ya ce in ba biyar ba ce ɗaki ya karkace, kuma ba za a gane ba sai ranar rufi, kwano ya tona asiri.

Na tsuguna kusa da yaron na ce, uku sau uku? Tara. Huɗu sau huɗu? Sha shida. Haɗa su. Ashirin da biyar. To biyar sau biyar fa? Ya yi shiru yana kallon igiyar, can sai ya ce, "Baba, ai wannan ne na Faitagoras da aka yi mana!" Magini bai taɓa jin sunan ba. A wurin ubangidansa ya koya, kuma ya ce in ɗakin babba ne ya fi son 6 da 8 da 10, don igiya in ta yi tsawo kuskure ba ya samun wurin ɓuya. Wannan bayanin nasa ya fi mini na allon makaranta daɗi.

Wajen sallama yaron magini ya ce a ba shi jaka goma na abinci. Na ƙirga naira 2,000 na miƙa masa. Ɗana ya tambaye ni me ya sa jaka take ɗari biyu. Na gaya masa a zamanin fam da sule, fam 100 ake kira jaka, da aka canza kuɗi a 1973 fam ɗaya ya koma naira biyu, sunan ya zauna har yau. Kakarsa har gobe da jaka take lissafin adashinta, kuma ban taɓa ganin an cuce ta ko sisi ba.

Da hantsi muka leƙa babbar kasuwa sayen gero. Buhu kwano 40, gida uku za mu raba. Shi na bari ya yi rabon a ka: sha uku-uku, kwano ɗaya ya yi saura, ya ce a ƙara wa Inna.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa bayan magariba ya faru. Muna zaune a dakalin Malam maƙwabcinmu, na ba shi labarin igiya. Ya yi murmushi, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana gida tara, uku-uku, ya cika su:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ya ce wa yaron ya haɗa ta duk inda ya ga dama, a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Ko ta ina 15. Wannan shi ne hatimin da malamai ke kira musallasi. Na ce, "Allah gafarta Malam, me ya sa dole sai sha biyar?" Ya ce a haɗa daga 1 zuwa 9, ya ba da 45, a raba wa layi uku. Shi ke nan. Sannan ya ambaci Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, ɗan garin nan, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan gidaje masu adadin mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, a can ya rasu a 1741.

Raina ya sosu. Kullum yaron nan yana wucewa ta kusa da hasumiyar Gobarau, amma ba wanda ya taɓa gaya masa a aji cewa Bakatsine ya yi suna a lissafi har Masar. Ni ma da na haife shi ban gaya masa ba.

Malam ya ce wa yaron ya gwada hatimi mai gida 25. Kafin ya zana komai ya zauna ya haɗa 1 zuwa 25 a ƙasa, ya samu 325, ya raba biyar, ya ɗago ya ce, "Malam, sittin da biyar za a nema ko?" Malam ya ce haka ne. Layi biyu suka fito masa, na uku ya ƙi. Ya share ya sake, ya share ya sake, har aka kira isha'i. Da za mu tashi ya roƙi almajiran Malam kada su taka wurin. Yanzu haka yana ɗaki da fitila da bayan tsohon littafinsa, na ji uwarsa tana ce masa ya kwanta, gobe da sassafe masu haƙan tushe za su zo.