Yadda na koyi gane motocin shekarun 1950 da 1960 a gareji

A garejin da na koyi gyaran jikin mota akwai wata rumfa can ƙarshen fili, inda ake ajiye motocin da masu su ba sa gaggawa. Yawancinsu na gado ne, motar mahaifi ko ta kaka da ta daɗe a bayan gida har tayoyinta suka nutse a ƙasa, sai 'ya'ya suka ga bai kamata ta ruɓe ba. Kafin a taɓa irin wannan mota da guduma dole a san ko wace iri ce, kuma a wace shekara aka ƙera ta. Idan ba a sani ba, za a aika a nemo gilashi ko ƙofa daga nesa, kaya su iso su ƙi shiga, kuɗin mutum ya salwanta.

Abu na farko da maigidanmu ya hana ni shi ne yarda da tambari. Yakan ce, "Yaro, duk abin da noti ya riƙe, wani ya taɓa kwance shi." Motar da ta yi shekara 60 a hanyoyinmu ta bi ta hannun kanikawa masu yawa, kowa ya maƙala mata abin da ya samu a wurin 'yan gwangwan. Fitila, bamba, madubi, tambari, har inji, duk ana sauya su. Abin da ba a cika sauyawa ba shi ne ramin da gilashi yake zama, da lanƙwasar rufi, da layin da ya bi gefen jiki daga gaba zuwa baya. Can ake fara dubawa.

Boswaja kirar Beetle ce ta fi koya mini wannan, domin ga wanda bai sani ba dukkansu ɗaya ne. Sai ka zagaya baya. Har zuwa farkon 1953 gilashin bayanta biyu ne ƙanana, da ƙarfe a tsakaninsu. Daga nan zuwa 1957 ya zama ɗaya mai siffar ƙwai. Bayan haka aka faɗaɗa shi ya koma mai kusurwa huɗu. Da kallo ɗaya ka raba shekaru gida uku. Amma Boswaja tana da wani abu da ya sa ko wannan ƙa'ida ba ta isa ba: jikinta gaba ɗaya da noti aka ɗaure shi a kan shasi, ana iya ɗage shi a ɗora a kan wani. Saboda haka sai an ɗaga kujerar baya an karanta lambar da aka buga a ƙarfen tsakiya, sannan a buɗe gaba a gwada ta da wadda ke kan ɗan farantin da ke bayan safaya. In sun yi daidai, hankali ya kwanta. In sun saɓa, mota biyu ce aka haɗa ta zama ɗaya, kuma wajibi ne a faɗa wa mai ita tun kafin ya fara kashe kuɗi.

Motocin Amurka na wancan zamani ba sa wahalar da mutum sosai, domin kusan kowace shekara ana sauya musu fuska. Chevrolet ta 1955 daban, ta 1956 daban, ta 1957 daban, kuma a 1958 yawancin motocinsu suka koma fitila huɗu a gaba. Fikafikan bayan Cadillac ta 1959 kuwa ba a haɗa su da na kowa.

Na Turai su ne aiki, kuma su suka fi yawa a nan. Fijo 404 ta fito a 1960, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. Shi ne kuma ya zana Austin Cambridge da Morris Oxford da suka fito a Ingila a 1959. Idan tambari ya faɗi, fenti ya koɗe, ka tsaya daga gefe, su ukun kamar 'yan ɗaki ɗaya suke: rufi iri ɗaya, ɗan fiffike iri ɗaya a baya. Buɗe bonet ne ke raba gardama. Injin 404 a kishingiɗe yake zuwa gefe guda, na Austin da Morris a miƙe. In injin ba ya nan, ka leƙa ƙarƙashi. Salun ɗin 404 tana da sifirin mai murɗi a baya, na Ingila kuma sifirin mai falle-falle ne.

Marsandi mai fiffike ma biyu ce ake rikitawa. Babbar, 220 da ta fito a 1959, tana da dogayen fitilu a tsaye da dogon hanci. Ƙaramar, 190 ta 1961, fitilunta zagayayyu ne, gabanta ya fi gajarta, amma daga baya da ƙyar ka bambance su.

Land Rover kuwa ina da ƙauna ta musamman gare ta, domin ita ta fi shan gyara a hannun mutanenmu. Ta farko ta fito a 1948, jikinta na alminiyon saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan yaƙi, shi ya sa maganaɗisu ba ya kama ta. Gefenta a miƙe yake sumul. A 1958 aka yi mata 'yar kafaɗa mai lanƙwasa da ta bi ta ƙarƙashin tagogi, kuma wannan kafaɗa ita ce shaidar da nake riƙewa. Mutane sukan dogara da fitila, domin sai wajajen 1969 aka fitar da su daga tsakiya zuwa gefe. Amma na ga tsofaffi da aka huda musu gefe aka mayar da fitilun can don su yi kama da sababbi. A leƙa ciki: in agogon gudu yana tsakiyar allo, ta girmi kirar 1971, wadda aka dawo da shi gaban direba.

Akwai kuma shaidar da tarihin ƙasarmu ya ba mu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Motar da aka sayo sabuwa a nan kafin lokacin, yawanci sitiyarinta a dama yake. Idan na ga motar 1960 da sitiyari a hagu, ina tunanin abu biyu: ko ta shigo daga Nijar ko wata ƙasar da ke tuƙi a dama tun asali, ko an juya shi. Wanda aka juya yana barin tabo, ramukan da aka toshe da walda a bangon da ke tsakanin inji da direba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin na karɓa shi ne iyakar wannan ilimi. Siffar mota tana gaya maka cewa ba a ƙera ta kafin shekara kaza ba, amma sau da yawa ba ta gaya maka ainihin shekarar. Fijo 403 ta fito a 1955, kuma an ci gaba da ƙera ta har 1966, shekara shida bayan fitowar 404. Lambar shasi mai harafi da adadi 17 da muka saba da ita yau sai a 1981 aka tsayar da ita. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa, sai ka samu jadawalin kamfanin ka bi lambar. Shi ya sa idan mai mota ya ce mini, "Malam, ta 1962 ce, haka Baba ya faɗa," ina rubuta abin da ya ce a gefe guda, in rubuta abin da ƙarfen ya nuna a ɗaya gefen. Sau da yawa shekarar da iyali ke riƙe da ita shekarar saye ce.

Yanzu da yawa daga waɗannan motoci a sikeli suke ƙarewa, ana sayar da su kilo-kilo, kuma abin yana ci mini rai. Duk wanda ya kira ni kan tsohuwar motar gidansu, ko da ya yanke shawarar sayarwa, ina roƙonsa ya fara goge farantin lambar shasi ya ɗauki hotonsa, ya ɗauki gaba da baya da gefe, sannan ya duba akwatin takardun marigayi ko rasidin sayen yana nan.